Waya Ta Jona, Sauti Ya Ƙi Daɗi: Ina Matsalar Bluetooth Take?

Duk mai aikin wayarin ɗin mota a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san wannan ƙorafi. Mai mota zai zo ya ce wayarsa ta jona da rediyon motar, kira yana shigowa ta sifiku lafiya lau, amma da ya kunna karatu ko waƙa sai shiru. Wani kuma sautin yana fitowa, sai dai da wani siririn kuka a ƙarƙashinsa, wanda ke ƙara tsini duk lokacin da aka taka totur. Hukuncin da aka saba yankewa ɗaya ne: Bluetooth ɗin ba shi da kyau. Sai a koma kasuwa a sayo wani mai babbar lamba a jikin kwali, a dawo a tarar jiya i yau.

A ganina an ɗora laifin inda ba nan yake ba. 'Yar tazarar nan da sauti ke ƙetarewa ta iska, daga aljihun direba zuwa dashbod, ita ce ta fi ko'ina lafiya a duk tafiyar. Ciwon yana gabanta ne ko bayanta: a irin yarjejeniyar da na'urorin biyu suka ƙulla, a wutar da ake ba su, da kuma wayoyin wutar da suka rage bayan an kawar da kebul guda ɗaya. Waɗannan kuwa duk suna hannun mai gyara da mai haɗe-haɗe.

An fara aikin ƙirƙiro Bluetooth ne a kamfanin Ericsson, a garin Lund na ƙasar Suwidin, a 1994, kuma injiniyan da aka fi danganta tsarin da shi ɗan Holan ne mai suna Jaap Haartsen. A 1998 kamfanoni biyar, wato Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba, suka kafa ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojinsa har yau. Burinsu bai wuce su raba mutum da kebul ɗin da ke tsakanin salula da abin kunne ko kwamfuta ba. Sun zaɓi zangon gigahaz 2.4 saboda ba ya buƙatar lasisi, wanda kuma shi ya sa yake cike da hayaniya: Wi-Fi na nan, murhun ɗumama abinci na lantarki ma a nan yake zubar da tasa ƙarar. Maganin da suka samo shi ne su yanka zangon gida 79, na'urorin biyu su riƙa tsalle tare daga wannan gida zuwa wancan sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya, bisa tsarin da suka daidaita a kansa. In an yi karo da wani a gida ɗaya, ɗan abin da ya ɓata kaɗan ne, a sake aiko shi. Daga 2003 ma aka koya masa ya gane gidajen da ke da cunkoso ya daina taka su. Ƙarfin watsawar galibin ƙananan na'urori miliwat 2.5 ne, mai kai wa kimanin mita 10. Cikin mota kuwa tazarar ba ta kai kamu uku ba. Da wuya a ce iska ce ta ci amana.

Mu a nan ba ta hanyar mota muka fara sanin Bluetooth ba. Mun san shi ne a zamanin ƙananan wayoyi masu memori, lokacin da "turo min ta Bluetooth" ta zama maganar majalisa da tashar mota. Wa'azi da waƙa da barkwanci sun zaga ƙasa daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba. Mawaƙin nan Ba'abzine na Nijar, Mdou Moctar, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, ta wannan hanya waƙoƙinsa suka ratsa Sahara kafin duniya ta san shi. Wannan tarihi ya bar mana wata fahimta: cewa Bluetooth hanya ce guda ɗaya, da zarar ta buɗe komai zai wuce. To ba haka abin yake ba, kuma daga nan rabin rikicin ya samo asali.

Bluetooth tarin yarjejeniyoyi ne, kowace da aikinta. Wadda ke ɗaukar kiran waya ba tare da an riƙe salula ba ana ce mata HFP. Wadda ke ɗaukar waƙa da karatu a sitiriyo ita ce A2DP. Wadda ke ba maɓallan sitiyari ikon tsallake waƙa ko tsayar da ita, har ta rubuta sunan abin da ake saurare a fuskar rediyo, ita ce AVRCP. Akwai PBAP mai kwashe lambobin da ke cikin waya ta zuba wa mota, akwai kuma SPP, wadda masu haɗe-haɗe ke aika umarni da ita. Na'ura za ta iya sanin ɗaya ta jahilci saura, kuma duk da haka a buga mata tambarin Bluetooth da gaskiya.

Kamfanonin mota sun fara sa Bluetooth ne don kira kawai, domin a lokacin dokokin hana riƙe waya a kan tuƙi ne ke tura su. Acura TL ta 2004 na cikin motocin farko da suka zo da shi a Amurka, kuma kira kaɗai ta sani. Tsarin Sync da Ford ya fitar tare da Microsoft a 2007 na cikin waɗanda suka fara yaɗa jin waƙa ta wannan hanya, sauran kamfanoni suka biyo baya sannu a hankali. Yanzu a duba irin motocin da suka fi yawa a titunanmu: 'yan Kwatano ne da na tashar Legas, da yawansu ƙirar shekarun nan ne na 2003 zuwa 2012. Ke nan mun gaji daidai motocin da aka ƙera a tsakiyar wannan sauyi. Idan mai wayarin ya ce, "Alhaji, motar nan kira kawai ta iya, ko wace waya ka kawo ba za ta yi waƙa ba," gaskiya ya faɗa, kuma babu wani saiti da zai canza hakan. Amma kafin a kai ga wannan hukunci a leƙa cikin wayar: a ƙarƙashin sunan motar akwai maɓalli na sautin kira da na sautin waƙa daban-daban, kuma sau da yawa na biyun ne a kashe.

Wannan rabuwa ita ce kuma dalilin da ya sa muryar kira ke fitowa a shaƙe alhali waƙa na fitowa tangaran. Hanyar kira ta asali tana ɗaukar samfurin murya sau 8,000 a daƙiƙa, daidai da tsohuwar tarho. A 2011 aka ƙara mai 16,000, amma sai waya da mota duk sun san ta. Wasu manhajojin hira, idan za su naɗi saƙon murya ko su kunna shi, sukan buɗe hanyar kira, sai mota ta ɗauka kira ne ya shigo, ta katse waƙa, sauti ya dushe. Ba lalacewa ba ce.

Sai batun lambar jikin kwali, wadda 'yan kasuwa suka mayar abin talla. Mutum ya ga an rubuta 5.0 ko 5.3 ya ɗauka sauti zai fi na 4.2 daɗi. Bluetooth iri biyu ne a ƙarƙashin suna ɗaya: na asali, da kuma mai ƙarancin cin wuta da aka shigo da shi a 2010 don agogon hannu da na'urorin awo. Ƙarin nisa da saurin da aka yi shela a 5.0 a 2016 na wannan na biyun ne. Waƙar mota kuwa ta na asalin take bi. Abin da ke da tasiri a sauti shi ne dabarar matse shi, domin faifan CD na zubo kilobit 1,411 a daƙiƙa, hanyar kuwa ba ta ɗaukar haka cikin natsuwa. Dabarar da aka wajabta wa kowa ita ce SBC, wadda a mafi kyawun saitinta na yau da kullum take kai wa kilobit 328. Wayoyin Apple sun fi son AAC, akwai aptX na Qualcomm, akwai LDAC na Sony mai kai wa 990. Sai dai in ɓangare ɗaya bai san dabarar ba, dukansu SBC suke komawa shiru ba sanarwa. Ni dai ban ga dalilin kashe kuɗi a kan wannan ba a cikin mota. Ga ƙugin inji, ga iska, ga ƙarar taya a kan kwalta, ga shi abin da ake saurare sau da yawa an riga an matse shi an sake matsewa kafin ya iso ta WhatsApp. SBC mai kyau ta fi ƙarfin kunnen da ke cikin wannan hali. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne jinkiri: matsewa da tarawa da warwarewa kan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, shi ya sa baki ke riga murya in fasinja na kallon fim.

Idan mota ba ta da Bluetooth na waƙa, hanya mafi araha ita ce 'yar na'urar nan da ake cusawa a ramin laita. Aikinta biyu ne: ta karɓi sauti daga waya ta Bluetooth, sannan ta zama ƙaramar tashar FM ta watsa shi ga eriyar motar. A nan ne ake asarar da ake ɗora wa Bluetooth. FM ba ya ɗaukar sautin da ya haura kilohaz 15, yana da tasa shuuu ta asali, kuma 'yar tashar taka mai raunin ƙarfi tana kokawa ne da manyan tashoshi. A birni irin Kano, inda gidajen rediyo suka cika zangon daga 87.5 zuwa 108, samun gurbin da babu kowa kusa da shi aiki ne, kuma gurbin da ya yi maka a Kano ba lallai ya yi maka a Zariya ko Abuja ba. Akwai wani abin lura da ya shafi asalin motar. Rediyon motar da aka ƙera don Amurka yana tsayawa ne a lambobi marasa rabuwa biyu kawai, 88.1, 88.3, 88.5, don haka in ka saita na'urar a 88.0 ba zai taɓa kama ta daidai ba. Tsofaffin motocin da aka ƙera don cikin Japan kuwa nasu zangon daga 76 ne zuwa 90, abin da suka haɗa da namu ɗan kaɗan ne.

Wanda motarsa ke da ramin AUX ya huta da duk wannan, domin ƙaramin mai karɓa zai zuba sautin kai tsaye. Wasu tsofaffin rediyoyin Toyota da Honda suna da soket a baya wanda aka tanada don akwatin CD mai faifai da yawa, kuma akwai na'urorin da ke shiga nan su yi kamar su ne akwatin, sautinsu ya fita tsaf, wani lokaci har maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki. Wannan ita ce hanyar da na fi yabawa ga mai son barin dashbod ɗinsa yadda kamfani ya yi shi.

Mataki na gaba shi ne a cire rediyon gaba ɗaya a sa sabo, ko mai allon Android. A nan gwanintar mai wayarin ke bayyana. Sabon rediyo na zuwa da wayoyin wuta uku masu muhimmanci: rawaya, wadda ke zuwa batir kai tsaye don riƙe agogo da sunayen wayoyin da aka taɓa jonawa, ja, wadda ke samun wuta sai an murɗa makulli, da baƙa, wadda ke zuwa jikin mota. Mai gaggawa yakan murɗe ja da rawaya wuri ɗaya. In ya kai su layin makulli, rediyo zai riƙa manta komai duk lokacin da aka kashe mota, kullum sai an sake jona waya. In ya kai su batir, rediyo ba zai yi barci ba, bayan kwana biyu a ajiye mota ta ƙi tashi. Duka biyun za ka ji ana cewa Bluetooth ne ke mantuwa ko shi ke shan batir. Game da rubutun wat 50 sau huɗu da ke jikin kwali kuma, lissafi bai yarda ba. Da wutar mota ta bolt 14.4 da sifika mai om 4, abin da IC ɗin cikin rediyo zai iya bayarwa ba tare da sauti ya fashe ba bai wuce wat 20 da 'yan kai ba a kowace sifika.

Yanzu ga siririn kukan nan mai bin totur, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A mota, jikin ƙarfen ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir, abin da masu wayarin ke kira at. A ƙa'ida ko'ina a jikin motar sifili ne, amma a zahiri ƙarfe na da 'yar turjiya, ga tsatsa, ga fenti, ga kusoshin da suka saki. Saboda haka at ɗin ramin laita da at ɗin rediyo sukan bambanta da ɗan abin da bai kai bolt ɗaya ba. Altaneta kuma wutar da take haifarwa mai kaɗawa ce ake miƙar da ita, ba ta miƙewa sarai, akwai ɗan kaɗawar da ke saura, wadda saurinta ke bin juyin inji. To, ka sa mai karɓar Bluetooth a caja ta laita, ka kuma ja kebul daga gare shi zuwa AUX. Yanzu at biyu sun haɗu ta cikin siririn kebul ɗin sauti. Wutar da ke neman komawa batir sai ta bi ta nan, kamar ruwan damina da ya tarar da kwata a cushe ya bi ta tsakar gida. Amfilifaya ba ta san bambancin waƙa da wannan baƙuwar wuta ba, duka take ƙara wa ƙarfi.

Gwajin gane shi ba ya cin ko sisi: a zare cajar, a bar na'urar ta yi aiki da batirinta. In kukan ya ɗauke, an kama ɓarawo. Magani kuwa ko a ɗauki wutar na'urar daga wuri ɗaya da rediyo, at ɗinsu a kan kusa guda da aka kankare fentin ƙarƙashinta, ko a sa 'yar na'urar raba at a kan kebul ɗin sauti. Wannan ƙananan taransifoma biyu ne a ciki, sauti na ƙetarewa ta maganaɗisu, wuta ba ta samun hanya. Masu arahar cikinsu sukan rage ƙugin ganga kaɗan. Sauya caja ma na taimakawa, domin cajar banza kanta tashar hayaniya ce. Araha ba ta ado.

Wutar mota gaba ɗaya ba abar yarda ba ce ga ƙananan na'urori. Batir mai lafiya a kashe yana nuna bolt 12.6, inji na aiki ya kai wajen 14, lokacin tayarwa ya faɗi ƙasa da 10, wanda ya isa ya sa na'ura ta mutu ta farfaɗo ta rasa wayar da take jone da ita. Mafi muni shi ne al'adar nan ta zare kan batir inji na aiki don a gwada ko altaneta na caji. A wannan ɗan lokaci wuta na iya yin tsalle zuwa bolt gommai, kuma abin da ya fi rauni shi ke fara ƙonewa. Mitar awo ta 'yan kuɗi kaɗan za ta ba da amsar da ake nema ba tare da an yi caca da kayan mutane ba. Haka nan duk layin da aka ja daga batir, a mota ne ko a adaidaita sahun da aka cika wa sifiku, yana buƙatar fiyus kusa da batir ɗin, domin in wayar wuta ta goge ta taɓa ƙarfe, fiyus ne kawai ke tsakanin mai abin hawa da gobara.

Wannan ilimi shi ne dai wanda yaron da ke zaune da dalma da ɗan bod a gabansa yake buƙata, kuma a nan ne abin ya fi faranta mini rai. Kayan da a da sai kamfani, yau ɗalibin kwalejin kimiyya ko yaron shagon gyaran rediyo zai same su a kasuwar Sabon Gari ko ta Alaba ko ya yi odarsu daga Chaina. Amma tarkon farko shi ne wancan na yarjejeniyoyi. Bod ɗin da ya fi shahara a ayyukan ɗalibai shi ne HC-05 da ƙaninsa HC-06. Da yawa sun saye shi da niyyar haɗa sifika, alhali SPP kaɗai ya sani: haruffa da lambobi yake kaiwa, irin "kunna fitila" ko "juya hagu" zuwa ga bod ɗin sarrafawa irin Arduino. Ba zai taɓa ɗaukar waƙa ba. A aikinsa kuwa nagari ne, in an kiyaye abu biyu zuwa uku. Ƙafarsa ta karɓar saƙo bolt 3.3 take so, Arduino Uno kuwa 5 yake aikawa, don haka ana sa rizisto biyu, mai om 1,000 a kan layi da mai 2,000 zuwa at, su rage ƙarfin. Ƙafar aikawa ta wannan tana zuwa ta karɓar wancan ne, a gicciye. Sannan iPhone ba ta buɗe wa irin wannan bod ƙofa, sai Android. Mai son iPhone sai ya nemi irin HM-10 mai ƙarancin cin wuta.

ESP32, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016, ya sauya lissafi, domin a guntu ɗaya akwai Wi-Fi da Bluetooth iri biyun, kuma ana iya rubuta masa umarni ya zama mai karɓar waƙa. Sai dai a kula da harafin da ke bin sunan. ESP32-C3 da ESP32-S3 sababbi ne, amma mai ƙarancin cin wuta kawai suke da shi, babu A2DP. Na asalin ne ke waƙa, shi ma abin mayar da lambobi sauti da ke cikinsa mai bit 8 ne, sautinsa da tsakuwa, sai an haɗa masa na waje irin PCM5102.

Wanda sifika kawai yake so ba ya buƙatar rubuta komai. Akwai ƙananan bod da ba su kai akwatin ashana ba, da yawansu da IC na kamfanin JieLi na Zhuhai, waɗanda ke karɓar waƙa su fitar da ita ta ƙafa uku. Su ne masu muryar macen nan da ke sanar da Turanci cewa na'ura ta shirya jonawa, wadda duk mai sifikar kasuwa ya haddace. A haɗa ɗaya da amfilifaya PAM8403, mai ba da wat 3 sau biyu daga bolt 5, an sami rediyon ɗaki. A haɗa da TPA3116, mai iya kai wa wat 50 sau biyu in an ba ta wuta sama da bolt 20, an sami abin da zai cika shago. Kuma a nan yaron zai ci karo da ƙanin kukan motar: wani tsit-tsit-tsit da ke fita da zarar waya ta jona. Dalili ɗaya ne. Bod ɗin Bluetooth yana zuƙar wuta ne a guntu-guntu duk lokacin da zai watsa, in kuma at ɗinsa na wuta da na sauti sun zagaya sun haɗu a amfilifaya, zuƙar tana shiga sifika. Gajerun wayoyi, at da ke haɗuwa a wuri guda, da babbar kafasita kusa da bod ɗin suna rage shi. Abin da ke kashe shi gaba ɗaya shi ne 'yar na'urar raba wuta irin B0505S, mai karɓar bolt 5 ta fitar da bolt 5 da ba su haɗa at ba.

Sauran kurakuran na ido ne. Zanen zigizag ɗin da ke gefen bod eriya ce. In an kwantar da ita a kan ƙarfe ko an rufe ta cikin akwatin ƙarfe, nisan mita 10 zai koma taku biyu. A amfilifayoyin nan PAM8403 da TPA3116 kowace sifika da wayoyinta biyu, ba a haɗa baƙaƙensu wuri ɗaya, ba a kai su jikin ƙarfe, in an yi haka IC ya tafi. Mai rage wutar mota zuwa bolt 5 da 7805 ya sani cewa ragowar bolt 9 ɗin zafi suke zama, gara ɗan bod mai ragewa ta hanyar kunnawa da kashewa. Batiran 18650 da ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci kuma suna aiki, amma ba a wuce bolt 4.2 wajen cajinsu, ba a barinsu babu bod ɗin kariya, ba a kuma barinsu a motar da ke rufe a ranar Afrilu.

Akwai wata 'yar na'ura da ta haɗa duniyar mota da ta masu haɗe-haɗe, wato ELM327 da kwaikwayonta. Ana cusa ta a soket ɗin binciken inji da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, ta riƙa aika wa waya lambobin matsalar inji ta Bluetooth. Ta sa ƙaramin bakanike ya iya karanta abin da a da sai babban gareji. A tuna dai soket ɗin nan da wuta a kowane lokaci, ko an zare makulli.

Wani ɓangaren da ba a cika magana a kai ba shi ne sirri. Yawancin ƙananan bod ba sa tambayar kowa izini, duk wanda ya riga jonawa shi ne mai sifika, HC-05 kuma lambar sirrinsa ta asali 1234 ce, kaɗan ne ke canza ta. A abin wasa wannan ba komai, amma wanda ya haɗa makullin ƙofa ko na'urar tayar da mota da shi ya bar gida a buɗe. Motar da aka ba izinin kwashe lambobin waya kuma tana riƙe su, da jerin kiran da aka yi, har bayan an sayar da ita. Mai sayarwa ya goge kafin ya miƙa makulli. A 2017 masu bincike na kamfanin Armis sun bayyana raunin da suka kira BlueBorne, wanda ke ba da damar kutsawa cikin na'ura ba tare da an jona ba. Wayoyi sun sami gyara ta sabunta manhaja, amma rediyon mota da wuya a taɓa sabunta shi tun daga ranar da ya bar masana'anta.

Batun da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne rai. An sa Bluetooth a mota don hannu ya zauna a sitiyari, kuma hakan ci gaba ne. Amma binciken David Strayer da abokan aikinsa a Jami'ar Utah, wanda aka buga a 2006, ya nuna direban da ke hira a waya yana jinkirin taka birki ko yana riƙe da ita ko ba ya riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya a kan tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari kusan sau huɗu, kuma sakin hannu bai rage hatsarin da yawa ba. Hankali ne ke tafiya wurin wanda ake magana da shi. Direban haya da ke ɗauke da mutum goma a hanyar Kano zuwa Zariya, yana cinikin fili ta sifika, ba ya riƙe da waya a hannu, amma rabinsa ba ya kan titi.

Fasahar kanta tana gaba. A 2020 aka sanar da sabon tsarin sauti a kan Bluetooth mai ƙarancin cin wuta, da dabarar matsewa mai suna LC3, sannan a 2022 aka ba wa watsa sauti daga na'ura ɗaya zuwa masu saurare da yawa sunan Auracast. CarPlay na Apple da Android Auto, masu haɗa waya da allon mota, in ba da kebul ba ne, da Bluetooth suke gaisawa kawai, sai su miƙa aikin ga Wi-Fi. Wayoyi kuma tun da Apple ya cire ramin abin kunne a iPhone 7 a 2016 suke ta rasa shi, abin da ke tilasta wa mai tsohuwar mota neman Bluetooth ko yana so ko ba ya so. Motocinmu za su daɗe a kan A2DP da SBC, don haka duk abin da aka faɗa a sama zai yi aiki shekaru masu yawa.

Sauyin da zai taɓa masu sana'a yana zuwa ne ta wata kusurwa. Motocin da ake ƙerawa yanzu, waɗanda za su iso mana a matsayin na hannu nan gaba, rediyonsu ba akwati ba ne da za a zare a sa wani. Allo ɗaya ne ke riƙe da na'urar sanyaya mota da kyamarar baya da saitin ƙofofi, yana magana da sauran kwamfutocin motar ta layin wayoyi biyu da ake kira CAN, wanda Bosch ya fito da shi a 1986. A irin wannan mota babu jar wayar makulli da za a nemo da fitilar gwaji, domin umarnin kunnawa saƙo ne da ke bi ta layin. Mai wayarin da ya yanke waya a nan bisa ƙiyasi zai iya kashe abin da bai yi niyya ba. ESP32 ɗin da ɗalibi ke wasa da shi yana da sashen da ke fahimtar wannan layi, ɗan IC guda kawai ake ƙara masa ya fara karanta saƙonnin mota. Garejin da ya ɗauki irin wannan yaro ya zaunar da shi kusa da tsohon mai wayarin, ɗaya ya san ƙarfe da tsatsa da inda at ke ɓuya, ɗaya ya san abin da ke gudana a layin, shi ne zai iya karɓar waɗannan motoci idan sun fara sauka daga tirela.